Kitson Fadan Kagoma

Tun da na dawo daga kudancin Kaduna matan layinmu suka hana ni sakat. Wannan ta shigo aron turmi ta tambaye ni yaya hanya, waccan ta tare ni a ƙofar islamiyya ta ce me na ci a can. Abin ya ƙara zafi ranar da ɗankwalina ya zame a gidan suna, suka ga abin da ke kaina: kitso layi ɗaya tal, karkatacce, ya taso daga goshi ya nufi kunnen hagu, sauran gashin kuwa a tufke. Hajiya Kande, wadda ke mini kitso shekara da shekaru, har fushi ta yi, wai na kai kaina an koyi sana'a da shi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, kowacce ta karanta ta bar ni in huta.

A Kafanchan aka haife ni. Babana mahauci ne a kasuwa, gidanmu kuma katanga ɗaya da gidan su Saratu, wadda babanta ke aikin jirgin ƙasa. Su Kiristoci ne 'yan Kagoma, amma a cikinmu ta tashi, Hausarta tamkar tawa. Tun muna 'yan shekara tara ita ke mini kitso. Hannunta akwai zafi, tana ja har girata ta ɗage, in na yi ƙara ta ƙwanƙwashe ni da mataji. Aure ya kawo ni Zariya, ita kuma ya kai ta Fadan Kagoma gidan wani manomin citta mai suna Yohanna. Sama da shekara talatin ke nan, amma ba ma wata guda ba mu yi waya ba.

Cikin daminar nan wata ranar Laraba 'yarta Rahila ta kira ni. Ta ce, "Mama Zariya, maciji ya sare shi a gona. Hannunsa ya kumbura, muna asibiti a Kafanchan." Kafin in ce wani abu layi ya yanke.

Ni kuwa na san Yohanna. Mutum ne da ba ya ganin rami ya wuce, sai ya zura hannu ko akwai gafiya. Har na ce wa maigidana ai dama na san wata rana hannun nan zai gamu da mai ramin. Na yi masa addu'a tsakani da Allah, amma ban tashi ba. Ga sunan jikata, ga ƙafata da ke damuna, na ce bari abubuwa su lafa. Duk bayan kwana biyu ina kiran wayar Saratu, Rahila ke ɗauka. In ce yaya mai jiki, ta ce da sauƙi. In ce ina Mamanki, ta ce, "Yana asibiti." In ce ai na sani, jinya ba wasa ba, ki gaishe ta. Har na fara jin haushin Saratu a raina, wai ko sau ɗaya ba za ta karɓi waya ta gaishe ni ba. A haka aka yi sati biyar.

Da na shirya tafiya na sa tela ya ɗinka wa Yohanna riga mai faɗin hannu, ruwan toka, yadda hannun da ke ciwo zai shiga ba wahala. Na haɗa da kilishi da zuma, na shiga mota zuwa Kaduna, daga nan na nemi ta Kafanchan.

Mu huɗu aka cusa a kujerar baya. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai suna Mama Talatu, da kwando a cinya, a ciki kaji biyu da suka ƙi jinin gyalena tun daga tasha. Kafin mu kai Kujama ɗayar ta zuro kai ta tsinke mini zare. A Kujama direba ya tsaya shan mai, masu gasasshiyar masara suka rufe motar. Na sayi biyu na ba Mama Talatu ɗaya, ita kuma ta ɓare rabi ta ba kajin, abin da ya sa suka bar gyalena suka koma kanta. Wajen Kajuru direba ya nuna mana wani gini a kan dutse mai kama da gidan sarakunan Turawa, ya ce masu hali ke zuwa hutu. Mama Talatu ta leƙa ta ce ita dai tausayin wanda ke kai musu ruwa take ji.

Iyaka tsakaninmu da kudancin Kaduna kuwa, in kuna tambaya, ba fasfo ake nunawa ba, amma akwai ta. Shingen sojoji ne bayan shinge, a sauke gilashi, a leƙa fuskoki. A wani shingen sojan ya ji ƙamshin kilishi ya ce me ke cikin jakar Hajiya. Na ce maganin mara lafiya ne. Ya yi dariya ya ce shi ma tun safe jikinsa ba daɗi, na yago masa kaɗan muka wuce. Iyakar gaskiya a kunne take. Daga Kachia zuwa gaba Hausa ke sauya kaya. Na tambayi Mama Talatu ina za ta, ta ce, "Yarinyana ya haihu a Zonkwa, zan je in yi masa wanka." Na danne dariyata, na tuna yadda muke tsokanar mutanen ƙauye muna yara, su da namiji da mace duk "shi" ne a bakinsu. Na yi mata barka, na gyara zama, na ci gaba da gyangyaɗi. Wallahi ko a nan ban farga ba.

Da la'asar muka shiga Kafanchan. Na sauka gidan yayana Sule, wanda ya gaji teburin Baba a kasuwa. Garin ya canja, unguwanni sun rabu fiye da yadda na bari, katangar da muke haurawa ni da Saratu an ɗaga ta har ba a ganin mangwaron gidansu. Yaya Sule bai san komai ba game da saran, ya dai ce bana an sha fama da macizai a gonakin citta, saboda ciyawar da ake rufe shuka da ita wurin kwanciyarsu ne. Matarsa ta ba ni ɗakin ɗinkinta, na kwana tsakanin keke da buhun yadi. Da safe ya ɗaure mini cinyar rago a leda ya ce in kai wa mara lafiya.

Daga bakin titin Fadan Kagoma ɗan acaɓa ya ɗauke ni, ni da jaka da cinyar rago, cikin taɓo. Sau biyu ina sauka in taka da ƙafa. Da muka isa na yi sallama a ƙofar gida, sai ga Yohanna ya fito daga madafa riƙe da tukunya mai zafi, hannu biyu, da tsumma. Na dubi hannun dama, na dubi na hagu. Ko ƙwarzane babu. Na buɗe baki zan ce ikon Allah, sai ya riga ni.

"Sannu da zuwa, Mama Zariya. Ka zo lafiya? Abokinka yana ciki, tun safe bai ci abinci ba."

Ledar naman ta suɓuce daga hannuna. Ban san lokacin da na wuce shi ba.

Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, an yafa mata zani a kafaɗa. Ta rame har na ga ƙashin wuyanta. Hannun dama na kan matashi, an naɗe shi da bandeji daga tsintsiya zuwa gwiwa, yatsun sun lanƙwashe ciki. Na kira sunanta. Ba ta juyo ba, ta ce, "Sati biyar, Binta."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na durƙusa a bakin gadon na rantse mata cewa ni a sanina Yohanna ne, da na san ita ce da a ranar zan kwana a Kafanchan. Ta juyo ta dube ni kallon wadda ake yi wa ƙarya. Na ƙwala wa Rahila kira, ta shigo tana goge hannu. Na ce ranar da kika ce maciji ya sare shi, wa kike nufi? Ta dube ni da mamaki ta ce, "Mama mana. Ba na gaya maka yana asibiti ba?"

Sai kafaɗar Saratu ta fara girgiza. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, daga baya ta zama kukan. Ta ce duk dare da rana tana kwance tana cewa Binta ta ji an sare ta amma sai aiken gaisuwa take yi kamar wata 'yar siyasa, shi ya sa ta hana a ba ta wayar. Na buɗe jaka na fito da rigar Yohanna don ta ga shaida. Ta ɗaga ta da hannun hagu, ta auna faɗin hannun da ido, ta ce a sa mata. Tun da abin ya faru ba rigarta ko ɗaya da ke wuce bandejin. Haka ta yi kwana tara da na yi a gidan cikin rigar maza ruwan toka, Yohanna na wucewa yana cewa an ci masa gado da ransa.

Sun karɓe ni karɓar da ba zan manta ba. Yohanna ya taka har gidan wani Bafulatani ya kira shi ya zo ya yanka mini kaza, aka ware mini tukunya da buta, Rahila ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Na ci gwaten acca da yakuwa da gauta mai ɗaci, wanda rabona da shi tun ina budurwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne dubiya. A wurinmu a shigo a ce sannu, a ajiye lemo, a fita. Su kuwa matan zumuntar cocinsu suka zo su goma sha, da ɗankwali iri ɗaya, suka cika ɗakin, suka buga tulu suka yi waƙa har kwanon rufi na amsawa. Ni da nake ganin mara lafiya shiru yake so, sai na ga ƙafar Saratu tana motsi a ƙarƙashin zani. Da suka tafi ta gaya mini ita ce mai buga musu tulun nan shekara ashirin, yanzu an ba wata.

A hankali na ji yadda abin ya faru. Tana cire ciyawa a gonar citta ta zura hannu ƙarƙashin busasshen ganye, ashe macijin nan da ake kira kasa na kwance a wurin. Yohanna ya zo a guje, ya kwance robar ɗaure kaya ta babur ya ɗaure mata hannun tamau don kada dafin ya hau zuciya, kamar yadda ya ga iyayensa na yi. A asibiti aka yi mata allurar kashe dafi, ranta ya tsira, amma aka gaya masa ɗaurin nan ya ƙara wa hannun lahani. Tun ranar shi ke girki, shi ke ɗebo ruwa, kuma ba ya iya kallon bandejin.

Ranar Talata na raka ta asibitin, sashen gashin ƙashi. Wata ma'aikaciya ce ke duba ta, gajera mai faɗa, kowa Sista yake ce mata. Da aka buɗe ciwon ban kau da kai ba, ni 'yar mahauci ce. An yanke naman da ya mutu, wurin ya lotsa, gefe-gefe ya fara ja mai kyau. Na ce wa Sista to ciwon a nan yake, me ya hana yatsu motsi? Kafin ta amsa na tuna da kaina. Muna yara Baba kan ba mu ƙafar kaza, mu ja farar jijiyar daga sama, yatsun su damƙe. Na faɗa mata haka, ta ce yau ta samu ɗalibar kirki, naman da ke jan yatsu a nan yake zaune.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce dafin irin wannan maciji ɓarna biyu yake yi. Yana fasa zaren tsokar kanta, sannan yana yayyaga ƙananan hanyoyin jini da ɗan siririn tantanin da ke naɗe da kowane zare. Tsoka kuwa Allah ya ajiye mata irinta a gefe, yana kwance shiru har ranar da aka ji ciwo, sai ya farka ya fara sabon nama. Inda tantanin ya tsira kuma jini na zuwa, sabon naman yana bin tsohuwar hanya. Inda duka suka lalace, jiki kan cike gurbin da tabo mai tauri irin jijiyar da muke yarwa a teburin nama, ba ya miƙewa, ba ya ja. Ta ce ba ta da ikon cewa nawa zai dawo. Abin da ta sani, in aka bar yatsun a lanƙwashe watannin nan, a haka za su sandare har abada.

Sannan ta juya kan Saratu ta ce ina ƙwallon robar da ta ba ta ta riƙa matsawa. Saratu ta ce ya ɓata. Ni kuwa da safen nan na gan shi a ƙarƙashin gado, can ƙurya, inda sai da gangan abu ke kaiwa.

Da muka dawo na ɗauko ƙwallon na miƙa mata. Ta ce in mayar inda na gan shi. Ta ce ita ba jaririya ba ce da za a ba ta abin wasa, ta matsa sati biyu ba ta ga komai ba sai azaba, hannun ya mutu, a bar shi ya huta. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata ragguwa. Ta ce wadda ta yi sati biyar ba ta zo ba ba ta da bakin magana. Wannan ta shige ni, na fita tsakar gida na zauna ina huci.

Ina zaune kaina ya fara ƙaiƙayi, don kitson Hajiya Kande ya kwana biyu. Ina sosawa sai dabara ta zo mini. Washegari da hantsi na ce wa Yohanna ya tafi gona kada ya dawo sai azahar. Na karɓi mataji da kibiya da man kitso wurin Rahila, na tsefe kaina tas, na shimfiɗa tabarma a gaban gadon, na zauna na jingina da gwiwoyin Saratu kamar yadda nake yi muna yara.

Ta ce, "Me ke nan?"

Na ce, "Kitso na zo. Ba zan koma Zariya da kai haka ba, maigida ya ce na haukace a hanya."

Ta ce in kira Rahila. Na ce Rahila ba ta iya ba, kuma ni kaina ba ya karɓar hannun kowa a garin nan sai nata. Ni dai ban motsa ba, ina jin numfashinta a ƙeyata. Can na ji kibiya ta taɓa goshina, da hannun hagu take tsagar, tana ta karkacewa. Sannan na ji wani abu mai sanyi, mai nauyi, ya sauka a kaina. Hannun ne.

Ranar farko ba a yi komai ba. Babban yatsa da manuni suka kama gashi, ya zame, suka sake kamawa, ya zame. Gumi ya jiƙa rigar Yohanna, ta ture kaina ta kwanta. Washegari na sake zama. Ta ce ni mayya ce, na ce na ji. Aka samu ɗauri uku kafin ta gaji. Na kira Sista a waya na gaya mata abin da muke yi, ta ce mu ci gaba amma a tsaya in zafi ya yi yawa, kuma a riƙa miƙe mata yatsun a hankali kafin a fara. Wannan aikin na ba Yohanna. Tun ranar farko ya riƙe hannun, ya kuma kalli bandejin.

Kwana biyar muka yi a kan layi ɗaya. In an tashi sai in ɗaure bakin da zare don kada ya warware, in kwana a gefe guda. Ana gobe zan tafi, mun kusa kunne, sai na ji ta ja. Ba ja irin na da ba, amma ja ne, har fatar goshina ta ɗan motsa. Na ce wash, ba don na yi niyya ba. Sai na ji ƙwas, mataji a tsakiyar kaina.

"Zauna daidai," in ji ta.

Na zauna daidai. Hawaye na zuba a kan zanina, ban share ba don kada in motsa kan. Ita ma na ji tana jan hanci har ta kai ƙarshen layin ta murɗe bakin.

Dawowa ba wani labari, sai dai sojan kilishi ya gane ni ya tambayi mai jiki, na ce masa mace ce, don kada shi ma ya yi kuskurena. Ban san iya abin da hannun zai dawo da shi ba. Ƙananan yatsu biyun har na taho ba su motsa ba, Sista ma ba ta yi alkawari a kansu ba. Tulun coci kuma har yanzu yana hannun wata.

Shekaranjiya Rahila ta kira ni, muryarta sama-sama. Ta ce, "Mama Zariya, yau ya ɗaura zani da kansa!"

Wannan karon ban yi zato ba. Na ce, "Wa?"

Sai na jiyo muryar Saratu daga nesa tana cewa, "Ki ce mata ni ce, Yohanna ba ya ɗaura zani. Kuma kada ta kuskura ta tsefe mini aiki, ban gama kan ba."

Saboda haka, Hajiya Kande, ki yi haƙuri. Na san ya karkace, na san ya fara tsufa, kullum sai na shafa masa mai na lallaɓa shi. Sauran gashin naki ne, ki yi yadda kike so da shi. Wannan layin dai ba mai taɓa shi sai hannun da ya kitsa shi.